Jatau da Hular Bature

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya jikin Baba?

Kin tambayi aiki. To ga shi nan dai, jiya i yau. Wasan da muke yi a kan zamanin mulkin mallaka har yanzu cika ɗaki yake, ni kuma har yanzu ni ne Baturen. Saboda wannan farar fatar da kuke kira na Jatau dominta, darakta ya ce babu wanda hular ta dace da shi kamata. Ina fitowa da gajeren wando da gashin baki na bogi, in yi tuntuɓe, in karya harshe, akuya ta kore ni, mutane su yi ta dariya har da hawaye.

Na roƙe shi ya ba ni wani matsayi, ko da mai gadi ne. Ya ce, "Kai ne wasan, Jatau. In ka cire hular nan mu rufe." A layinmu mai kanti ma sara mini yake in na wuce. Ɗakin da muke shiri ba taga, sai madubi mai tsagewa da warin gam ɗin gashin baki. Wani lokaci ina zama a gabansa in rasa dalilin tashi.

A gaida Baba. Kada ki faɗa masa abin da nake fitowa a matsayinsa.

Ƙaninki,
Jatau

Jatau,

Bayan gaisuwa. Baba da sauƙi, yana cin abinci, ƙafar ce dai.

Ka makara da gargaɗinka. Maƙwabcinmu direba ya nuna masa kai a waya, kana gudu akuya na bin ka. Na zaci faɗa zai yi. Bai yi ba, bai kuma yi dariya ba. Ya ce in kashe, sannan ya ce in zauna.

Ka san an ɗauki kakanmu aikin hanyar jirgin ƙasa bai dawo ba. Abin da ban taɓa sani ba, Baba yana wurin ranar da aka ɗauke shi, yana yaro. Ya ce Baturen da ya zo ɗibar mutane ba wawa ba ne, kuma bai ɗaga murya ba. Ya gaishe su da yarenmu tsaf, ya tambayi lafiyar iyali, ya shafa kan Baba ya ce yaro mai hankali. Sai ya riƙa nuna maza da bakin lofensa na shan taba, a hankali, kamar mai zaɓen kaya a shago. Da ya nuna kakanmu har murmushi ya yi masa.

Baba ya ce, "Da irin na Jatau ne ya zo mana, da mata ma sun kore shi da tsintsiya. Yanzu yaran da ke dariya za su ɗauka wawa ne ya ci ubanninmu da yaƙi."

Ni dai na isar. Ka yi haƙuri.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta hana ni sukuni.

Ranar Asabar na yi abin da ban shawarci kowa a kai ba. Na fita ban yi tuntuɓe ba. Na gaida 'yan wasan da ke matsayin mutanen gari cikin ladabi, na tambayi iyalansu, sannan na fara nuna su da lofe. Wani ya fara dariya a baya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Abokina da na nuna ƙarshe ya manta maganarsa, ya tsaya yana kallona. Wata dattijuwa ta tashi ta fita. Ko mai sako akuya bai sako ta ba.

Na koma ciki na fara haɗa kayana, na san kora ce. Darakta ya shigo ya rufe ƙofa. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce babana. Ya ce daga yau haka za a riƙa yi, kuma za mu zagaya garuruwa da shi.

Yaya, gara wawan. Shi ina cire shi tare da hular. Wannan bin ni yake gida. Shekaranjiya na ce wa matata ta miƙo mini ruwa, sai ta ajiye kofin ta ce, "Don Allah daina yi mini wannan muryar." Wallahi ban san na yi ba.

Ina so in bari. Ki tambayar mini Baba, in ya ce in bari, gobe zan ajiye.

Ƙaninki,
Jatau

Jatau,

Gaisuwa. Na karanta wa Baba, ya sa na maimaita masa wurin dattijuwar da ta fita.

Ya ce kada ka bari. Ya ce shi ba zai zo ba, ya ga na ainihin sau ɗaya, ya ishe shi. Amma in kawo jikokinsa duka, har da ƙaramar.

Ka ajiye mana kujerun gaba. Ka ba matarka haƙuri.

Allah ya ba ka juriya.

Yayarka