Jar Doyar Mama

Luganville, 3 ga Agusta

Yaya Barnabas,

Gaisuwa mai yawa, ina Anti Hilda da yara? Na ji guguwa ta share gonarmu, har jar doyar Mama ba ta bar ko ɗaya ba. Na yi kuka, sannan na tuna: bara ofishinmu na noma ya zagaye tsibirinmu na Pentecost yana rubuta komai! A kwamfutata akwai jadawali uku, na mutane, na gonaki, na irin doya. Na koyi ɗaure su da juna in jefa musu tambaya guda: wa ke da jar doyar? Gonar ta fito, lamba 88! Amma gurbin bayanin mai ita fayau. A jadawalin gonaki an rubuta sunan Molbani, kuma babu Molbani a jadawalin mutane. Wane ne shi? Amsa da jirgin ruwan Juma'a, lokacin shuka ya kusa wucewa.

Ƙanwarka,
Ethel

12 ga Agusta

Ethel,

Muna lafiya. Na yi dariya har Hilda ta leƙo. Wato birni ya cinye ki! Kin ɗaure jadawalin naki da suna, a tsibirin da namiji ke sake suna duk ranar da ya yanka aladu ya hau matakin girma? Sunan ban san shi ba, ina tsibirin Santo wajen aiki lokacin bukukuwan sake sunan na bara. Nemo wanda ya sake.

Yayanki,
Barnabas

19 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Yi dariyarka! Na kwance ɗaurin, na ɗaure da lambar gida maimakon suna, na danna. Layi ɗaya tak ya fito: Kawu Silas na bayan tudu, ashe shi ne Molbani! Ihun da na yi sai da maigadi ya shigo. Don Allah ajiye takardar nan ka tafi yanzu.

Taki har kullum, kai, taka! Ka ga yadda na rikice.
Ethel

27 ga Agusta

Ƙanwata,

Na je da gudu. Na tarar su Kawu sun dafa jar doyar ta ƙarshe, suna ci, har suka yi mini tayi. Na tambayi ɓawon, aka ce yana kwandon abincin aladu. Na zazzage shi a ƙasa, Kawu yana cewa na haukace. Kan doyar na ciki, da tsiro biyu.

Na dasa jiya, gefen kabarin Mama. Ki zo girbi.

Ki huta lafiya,
Barnabas