Kashin Ƙarshe Yana Jiranki

Zuwa ga Kaneng, Maman Catherine, sanyin safiyar Jos, ruwan fari a gonar acca, fitilar da ba a taɓa ɗauke mata wuta ba!

Gaisuwa daga mijinki, wanda ya bar makaranta da wuri domin malamai su huta. Tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe cibiyar tsofaffin da kike yi wa aiki, kika koma aiki a wata cibiyar a Birmingham, gidan nan ya zama tukunya ba miya. Ina share ɗakunan ɗalibai a nan unguwar Fallowfield, tsintsiya a hannu, hankali can wurin aikinki a Aston.

Kin tuna falon Baba Davou a Bukuru? Kowace Lahadi unguwa ta taru gaban talabijin mara launi, ana jiran dogon Baturen nan mai malafa da doki. Kai, mutanen da sun iya wasa! Ba gaggawa, ba hayaniya. Mutum ya cire malafa, ya dubi mace, ya yi shiru, sai a ce sai mako mai zuwa, mu kuwa mu wuni mu kwana muna gardama. A wurinsu na koyi buɗe wa mace ƙofa, tun ɗakina labule kawai gare shi. Ko sababbin wasannin da ɗalibai ke kallo yanzu, in na leƙa, mutumin nan ne dai tsaye a bakin ƙofa, malafar kawai suka cire masa.

Ni ne tafintanki a falon nan. Bature ya motsa baki, ni in raɗa miki cewa idanunki sun hana shi barci. Ke kuma, 'yar kwalejin malamai mai Turanci kamar ruwa, ki gyaɗa kai, ki ce in ci gaba. Wace mace ce a duniya ta taɓa yi wa jahili irin wannan alheri?

Ran nan kika ce mini a waya tsofaffinku na Aston suna kallon wasan bayan abincin rana, wai wurin da na fassara da idanu, maganin saniya mai zawo Baturen yake tambaya. Na yi dariya har na ƙware. Amma da kika ƙara da cewa yayarki Monica ta samo miki fulat, gidan haya a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, ki zauna gaba ɗaya ki huta da zaryar bas tsakanin can da nan, sai dariyar ta yanke. Ya hasken gidana, zuma a bakin mai zazzaɓi! Kina kallonsa ba ni, kina jin komai daidai, ina amfanin tafinta?

Saurari nawa labarin. Laburaren unguwarmu zai rufe, suka fitar da kayansu, Catherine ta tsinto faifan wasan kaf, har da kashin ƙarshe da tashar ta yanke mana ba mu gani ba. Ta ce wai tsohon yayi ne, yana jan jiki, amma ta ƙi tashi daga kujera. Na hana kowa taɓa na ƙarshen. Yana nan kan firij, ni da shi muna kallon juna.

Ban ce ki bar aiki ba. In fulat ɗin ne, ki duba ko ƙofarsa za ta ɗauke ni da tsintsiyata, ai ɗaliban Birmingham ma suna zubar da shara. Amma kada ki karɓi makulli sai kin zo bikin Ista mun zauna tare. Zan kashe muryar talabijin, in matso kusa da kunnenki. Ko saniya yake nema, ko sirdi, na riga na san abin da zai ce miki.

Naki har Ubangiji ya kashe hoton,
Gamaliel, tafintan da ba ya ritaya