Matata Ta Saya Mini Sa, Ni Kuwa a Gidan Haya Nake

Gwaggo, assalamu alaikum. Don girman Allah ki ba ni shawara da wuri, domin ina gab da rasa ɗayan biyu: ko ɗakin da nake kwana, ko zaman lafiya da matata. Kuma duk a kan sa. Sa fa na gaske, mai ƙaho da tozo, yanzu haka yana ɗaure a tsakar gidan da muke haya a Dutsin-Ma.

Ni ɗan cikin gari ne, ina da shagon buga takardu kusa da jami'a. Ko kaza ban taɓa kiwo ba. Matata, bari in kira ta Rekiya, 'yar Tamawa ce a ƙasar Kurfi, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma wallahi ba ni da abin faɗi a kanta sai alheri, in ban da wannan. Rannan na dawo daga shago bayan la'asar, na tarar da a-kori-kura a ƙofar gida, ƙanenta Munzali da wasu ƙarti suna kokawar sauke wani ƙaton farin sa. Na tsaya kallo, har ina tausaya wa mai shi a raina. Sai na ji guɗa daga cikin gidanmu. Rekiya ta fito da kwalliyarta tana murmushi, ta ce kyautata ce, burina ya cika. Matan unguwa sun cika gida suna sa albarka. Me zan ce a gaban jama'a? Na ce na gode, Allah ya saka da alheri.

Ga inda burin nan ya samo asali. Duk sanda muka je Tamawa, in na durƙusa na gaida surukina Malam Audi, aka tambayi gida da aiki, shi ke nan magana ta ƙare. Kin san zama da suruki, ba hira, ba haɗa ido. To shanun huɗarsa kuma suna ɗaure a gabanmu. Don kada shirun ya yi yawa sai in yaba su, in ce Allah ya nuna mini ranar da zan mallaki irinsu. Kara ce kawai, Gwaggo! Da jaki ne a wurin, jakin zan yaba. Ashe duk shekarun nan tana ji daga bayan danga tana ajiyewa a ranta. Ta sayar da awakinta kaf, har da jar akuyar nan jikar wadda marigayiya innarta ta ba ta da aure, ta haɗa da ribar sana'arta, ta ba mahaifinta ya zaɓo mini da kansa. Ko a fuska ban ga alama ba.

Ni kuma tsoron shanu nake ji. In san ya yi huci sai in ja da baya. Banɗakinmu yana bayansa, kullum sai na bi jikin bango kamar ɓarawo. Da safe maimakon in buɗe shago, ina can ina cigiyar dusa da harawa, ɗalibai suna wucewa shagon maƙwabcina. San ya fasa randar masu ɗakin kusa da namu, ya tauna zanen da aka shanya, ga wari, ga ƙudaje. Abin da ya ƙarasa ni, ya tsinke igiya ya cinye zogalen matar mai gida har ƙasa. Mai gidan, Alhaji Ɗanmusa, ya kira ni zaure ya ce shi mutane ya ba haya, kafin watan nan ya mutu ko san ya fita shi kaɗai, ko mu fita tare da shi. Ɗaki kuwa a garin nan, da ɗalibai suka cika ko'ina, sai wanda ya nema ya sani.

Sayar da shi kuma da wane ido? Duk Tamawa an san Rekiya ta yi wa mijinta abin da ba a saba gani ba. Malam Audi yana aiko Munzali ya tambayi lafiyar sa kafin tawa. Da na ɗan gwada yi mata zancen a kaikaice, sai fuskarta ta canja, ta ce ai ita ba ta taɓa cewa a mayar da firiza ba. Ina ruwan firiza a nan? Bara ne na saya mata babba, ba tare da ta sani ba, saboda na ji tana yaba firizar yayata a Katsina. Gaskiya ne sai da aka cire ƙofa kafin ta shiga, ta cinye rabin ɗaki, wuta kuma ba ta zama, yanzu gyaɗa da zannuwan gado take ajiyewa a ciki. Amma firiza ba ta cin dusa, ba ta kuma taɓa bin kowa da ƙaho ba.

Wani abokina ya ce in kai shi kasuwa a ɓoye, in ce ciwo ya kama shi aka yanka. Har na fara jin shawarar ta kwanta mini. Na gaji, ina jin haushinta, ina kuma jin kunyar jin haushin. Yaya zan yi?

Naki,
Mai Sa a Gidan Haya, Dutsin-Ma

*

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, na sake karantawa kuma raina ya sosu. Da farko ka cire shawarar abokin nan daga ranka. Malam Audi ne ya zaɓi san nan, ya san shi kamar yadda ka san injin shagonka, dillalan shanu kuma duk sun san juna. Kafin ka iso gida labari ya riga ka zuwa Tamawa. Yau sa ne matsalarka, in ka yi haka gobe sunanka maƙaryaci a gidan surukai.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya. Ba a kawo dabba mai ci da sha gidan haya ba tare da an yi shawara da wanda zai ɗauki nauyinta ba. Rekiya ta yi kuskure, kuma babu laifi ta ji hakan daga bakinka cikin laushi. Amma wa ya buɗe wannan hanya? Kai ka yaba shanu don kara ga surukinka. Ba ka taɓa tunanin ita ma kara ta yi wa yayarka da ta yaba firiza ba? Mace ta je gidan yayar miji, an nuna mata sabon kaya, me kake so ta ce? Ku biyun nan kowa ya ɗauki maganar da aka yi don fita kunya ya tafi kasuwa da ita. Bambancin kawai, ita ta yi shekara tana raɓa taka kyautar a cikin ɗakinta ba ta rubuto mini ba.

Ka zaunar da ita yau, ba gobe ba. Ka fara da firiza. Ka tambaye ta ko ta taɓa son ta da gaske, ka kuma daure ka ji amsar. Daga nan ka faɗa mata taka: kana tsoron shanu, ba ka san kiwo ba, ga kuma abin da Alhaji ya ce. Ina kyautata zaton ba ta san maganar tashin ta kai haka ba, don na lura kai mutum ne mai zance a kaikaice.

San kuwa ba sayarwa za ka yi ba, kiwo za ka ba da. Ku je Tamawa tare, ka roƙi Malam Audi ya riƙe maka shi cikin nasa, tunda shi ne masani, kai kuma ka riƙa aika kuɗin dusa. In kunya ta hana ka, Munzali ya isar. Wannan girmamawa ce, babu dattijon da zai ɗauke ta raini. Kafin nan ka sayi sabuwar randa, ka ba matar Alhaji haƙuri a kan zogalenta, ka gaya wa Alhajin ranar da motar ɗaukar san za ta zo. Firiza kuma, in ta ce ba ta so, masu sayar da ruwan sanyi a bakin jami'a za su saya, ita ta faɗi abin da za a yi da kuɗin. Daga yau duk abin da ba zai shiga leda ba, kada ɗayanku ya saya wa ɗaya sai an zauna.

Saura abu guda, wanda ka ambata a tsakiyar ƙorafi ka wuce kamar ba komai ba. Ka ba ni labarin randa, da zane, da zogale dalla-dalla, amma jar akuyar nan rabin layi ka ba ta. Ita ce abin da ya rage wa matarka daga hannun mahaifiyarta, ta kuma rabu da ita don ta ji ka ce kana son wani abu. Ka sa Munzali ya bi sawun wanda ya saye ta tun ba ta yi nisa ba. In an same ta, ka fanso ta ko da an ɗora maka riba. Wannan ma kada ka yi ta a ɓoye, ka tambayi Rekiya tukuna, ko da yake ina jin na san abin da za ta ce.

Allah ya bar ku tare, ya sa albarka a san, ya kuma sanyaya zuciyar Alhaji.

Taku,
Gwaggo