Ramar da Ta Ƙi Yin Tsami

Gaithersburg, watan Mayu

Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Tunda duk wayar da muka yi sai ta ƙare da faɗa, na ga gara in rubuta.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya tsaya mini a rai. Inna ta taso tun daga Malumfashi da irin rama ƙulle a bakin zane, ta sauka gidanki, ta damƙa miki shi kaf. Ni ko ƙwaya ɗaya, kamar tsintata aka yi. Ranar walimar 'yarki Zahra ina ji mata suna ta santin kwaɗon ramarki, ke kuma kina wani sunkuyar da kai kamar ba daɗi kike ji ba. Na roƙe ki dashe, kika ce sai sun yi ƙwari.

To, ranar Asabar da kika shiga salla na zaga bayan gida, na zaɓi tukwane biyu da suka fi sauran kyau, na sa a mota. Na dasa su da yamma bayan rana ta yi sanyi, yadda Inna take yi. In ta zo wurina a Agusta, ramata za ta ci.

Ki gaishe ta, in za ki isar.

Ƙanwarki,
Radiyya

Lanham, watan Yuni

Radiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana amsawa.

Ni ban ma lura da giɓi ba, tukwanen da yawa. Da kin yi haƙuri ai da na ba ki, amma hali zanen dutse. Na ga hotunan da kika turo. Inna ta karɓi wayar, ta kai ta dab da hanci saboda idon, ta ce, "Kai, wannan ta samu ƙasa." Ta maimaita har sau biyu. Tawa kuwa barewa ta shigo ta kwashe rabi, sauran kuma ƙwari suna ta huda ganyensu.

Ke da Allah ya ba ki babban gida da miji injiniya, ramar ma da nake taƙama da ita sai kin fi ni? Ni nake kai Inna asibiti, ni nake matsa mata ƙafa, amma hotonki ake yi wa kirari. Allah ya ƙara albarka.

Yayarki,
Saudatu

Gaithersburg, watan Yuli

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ashe kin ji yadda nake ji.

Ramata ta kai kafaɗar maigidana Kamal. Kullum da safe ina ba ta ruwa, na kafa mata sanda saboda iska, har magana nake yi mata. Kamal dai bai kalle ta ba, hankalinsa yana kan ganawar da zai yi a Satumba ta zama ɗan ƙasa.

Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Na tauna ganye, babu tsami ko kaɗan, sai ɗaci. Ga wani wari da take yi in rana ta take. Ina jin ƙasar Amurka ce. Maƙwabciyata Debbie ta leƙo ta katanga, ta kashe mini ido, ta ce ba ta zaci ina da wannan harkar ba. Na ce mata a garinmu har yara ci suke yi da ƙuli-ƙuli. Ta riƙe baki. Hassada ce kawai.

Taki,
Radiyya

Lanham, watan Yuli

Radiyya,

Salam. Ki zauna kafin ki karanta.

Jiya maƙwabcina Jerome, dattijon nan da ya yi ritaya daga tuƙin bas, yake ba ni labarin tukwanensa biyu da suka ɓace tun Mayu. Ya ce yakan ɗora su kan katangarmu da rana don su saba da iska kafin ya dasa. Sai na nuna masa hoton da kika turo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce, "Nawa ne."

Radiyya, wiwi kika dasa. Wiwi kike yi wa hira da safe. Ganyen ne ya yi kama, amma rama tana da ƙaiƙayi a kara, ke da kika tashi a gindinta ya kamata ki shafa ki ji. Jerome ya ce dokar jiharmu ta yarje wa gida ɗaya tushe biyu, amma ta tarayya ba ta yarda ba, kuma takardar Kamal a hannun tarayya take. Ga shi kin gaya wa Debbie har yara muke ba wa.

Wallahi na yi niyyar in yi shiru sai Inna ta zo ta gani da idonta. Har na fara jin daɗin abin. Sai na tuna da Kamal, shi bai ci mini komai ba. Jerome zai zo Lahadi da shebur. Ki buɗe masa, ki ba shi haƙuri, ki kuma je ki gyara maganarki wurin Debbie.

Saudatu

Lanham, watan Agusta

Radiyya,

Assalamu alaikum. Jerome ya dawo da kayansa lafiya, ya ce har kuka kika yi da ake tonewa. Ya shigo gaishe da Inna, ni ce tafinta. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin dashen da ya kama haka ba.

Inna ta yi dariya har da hawaye. Da ta nutsu sai ta ce, "Ko me yarinyar nan ta sa a ƙasa sai ya tashi. Ita ta gado hannuna."

Da bakina na fassara masa wannan.

Ashe akwai ragowar irin a cikin jakarta, ta ce in ba ki. Ki zo ki ɗauki Inna ranar Asabar. Shekara uku ina shuka mata rama, ba ta taɓa faɗa mini haka ba.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Saudatu