Teburin Falo

Asabar, 1 ga Maris
Auta ya nemi izinin zuwa gwajin shiga ƙungiyar rawa ta makarantarsu, Asabar mai zuwa. Na ce a'a. Ban ɗaga murya ba. Uwarsa ta ce, "Malam, ko dalili ba za ka ba shi ba?" Ina da dalilai. Ban sami wanda zai yi kyau a baki ba.

Lahadi, 2 ga Maris
Da la'asar yayarsa ta kunna wani fim a falo. Da gangan ne, na sani. Na zauna da jarida don kada a ce na gudu.

Yaron fim ɗin ɗan makanike ne, uban yana so ya gaje shi, shi kuwa sai rawa. Labarin bai dame ni ba. Amma akwai inda aka bar yaron shi kaɗai a gareji, ya ture ƙarafa gefe, ya share wuri kamar faɗin tabarma, sannan ya tashi sama. Na rasa kalmar da zan rubuta. Shekaru nake koyar da yadda ƙasa ke jawo kowane abu, yau na ga jikin da ya yi jinkirin amsa kiranta. Hannu duk baƙin mai, wando a yage, amma sai da ya ga dama ya sauko. Ikon Allah.

"Baba, shafin nan bai ƙare ba?" in ji yayar.

Talata, 4 ga Maris
A aji na rubuta lissafin faɗuwar abu a allo, na tsaya kallonsa har ɗalibai suka fara tari.

Laraba, 5 ga Maris
Na lura da tabo a ƙaurin Auta, ƙafa biyun, daidai tsayin teburin falo. Na tambayi uwar. Ta ce, "Sai yau ka gani? In ka fita, nan ne filinsa. Tebur kuwa naka ne, wa zai taɓa?" Teburin littattafaina. Ashe a ɗan tsakaninsa da kujera yaron yake juyi, yana buguwa, bai taɓa faɗa ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Na ja teburin zuwa jikin bango. Na ce saboda shara ne. Babu wanda ya tambaye ni.

Asabar, 8 ga Maris
Ina da ɗan uzuri ta wajen makarantarsu da safe. Na ce in akwai mai zuwa can, ya hanzarta. Auta ya shigo mota da takalmi a hannu.

Uzurin bai ɗauki lokaci ba. Zauren da suke gwajin yana da taga ta baya, daidai tsayina.