Minti Biyar a Tashar Garinmu

Yaya Kachollom,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taki, yaya yara?

Ni lafiya lau, kada ki damu, shirun gidan ma ya ragu. Na shimfiɗa layin ƙananan jiragen ƙasa na wasa a falona a nan unguwarmu ta Thamesmead, har da tashar garinmu. Duk Asabar maƙwabta uku suna zuwa mu tuƙa su bisa timetable, wato jadawalin tafiyarsu. Kullum sai sun yi mita, wai ina tsayar da jirgi minti biyar a tashar garinmu babu dalili. Na kasa gaya musu haka marigayi Baba yake yi yana shugaban tasha, sai Mama ta sayar da dankalinta yake hura usur.

Don Allah ki aiko mini da usur ɗin. Na sayi wani a nan, amma ba muryarsa ba ce.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙaninki,
Hosea