Motar da Ba Ta Haye Rafi

Ruwan Bago, 3 ga Agusta, 1991

Zuwa ga yayan Sakinatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwa? Ka yi haƙuri da rubutun. Da hannuna na yi, ban ba kowa ba, don maganar ta cikin gida ce.

Ƙanwarka ta zo goyon ciki, wata na tara ya kama. Mun je awo Rogo. Malamar asibiti ta taɓa cikin, ta ce ɗan a gicciye yake, kada a kuskura ta haihu a gida, a kai ta babban asibitin Karaye. Mijinta keke kaɗai gare shi.

Na ji Baturen da kuke aikin dam tare ya bar maka mota da zai tafi. Na yi murna, sai Hamma mai kai hatsi Karaye ya ce ya gan ta. Wai ja ce, kujera biyu, cikinta na shafar ƙasa kamar ƙadangare. Ka san rafinmu da damina. Gaskiya ne abin da ya faɗa?

Babanku na sa maka albarka.

Innarka

Karaye, 6 ga Agusta

Inna,

Ina durƙusawa in gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya. Rubutunki ya yi kyau, malamin yaƙi da jahilci ya ci a ba shi goro.

Hamma jaki ya sani, bai san mota ba. Motar tsere ce, Inna. Da gangan masu ƙera ta suka kwantar da ita, don ta riƙe titi in tana gudu. Da sun ɗaga ta sun ƙara kujeru, da ta zama motar kasuwa, ba mai waiwayowa ya dube ta. Kullum sai mun yi wannan musu a gareji. Abokina Shitu ya ce su yi doguwa ko don masu iyali, na ce ranar da suka yi haka sunansu ya zube.

Ki kwantar da hankalinki. Da naƙuda ta fara a aiko mini, kafin ruwan zafi ya tafasa ina ƙofar gida. A gaida Baba da mai ciki.

Ɗanki, Basiru

Ruwan Bago, 9 ga Agusta

Zuwa ga yayan Sakinatu,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku, ban ga inda ka ambaci rafi ba.

Ka ce a aiko in naƙuda ta fara. Wa zai faɗa mana ta fara? Haihuwar fari ce. Mace ba ta faɗa, kunya ba ta barin ta. Ranar da na haife ka surfe na yi har la'asar, na ciji zanena a bayan ɗaki, ba wanda ya ji sai kukanka. Haka na tarbiyyantar da ita, yanzu kuwa shi ke tsorata ni. Shekaranjiya na same ta ta dafe turmi, gumi na zuba. Na ce mene ne, ta ce ba komai, ta sunkuyar da kai. Ni ma bakina ya yi nauyi, na kasa sake tambaya.

Sannan kujera biyu. Kai ɗaya, ita ɗaya. Ni a ina? Wa zai riƙe ta?

Ban san sunan masu ƙera mota ba, ban damu ya zube ba. Mutanen da suka iya sa ƙarfe ya yi gudun iska, ba su iya ba shi ƙafa ba? Ko a garinsu mata ba sa haihuwa? Shitu ya fi ka hankali. Ka zo ka ɗauke ta tun tana tafiya da ƙafarta.

Allah ya yi maka albarka.

Innarka

Karaye, 13 ga Agusta

Inna,

Ina gaisuwa. Ki yafe ni, akwai abin da zan faɗa kafin ki ji a bakin wani.

Na taso ranar Lahadi. Daga barin titi ban yi nisa ba cikin motar ya kafe a laka, ƙafafun suna juyawa a banza. Ina hango tsamiyar bakin rafi. Shanun huɗar Sulle na garinmu ne suka jawo ni, mutane na kallo. Na roƙe shi kada ya faɗa miki, na juyo. Kunya ta hana ni ƙarasowa a ƙafa, kuma na san ban kyauta ba.

Ni da Shitu mun yini muna neman yadda za mu ɗaga ta, abin bai yiwu ba. Na nemi aron doguwar motar wurin aiki, an ce tana daji sai Litinin. Litinin da sassafe ina nan tafe, in Allah ya yarda. Yaya jikinta?

Ɗanki mai neman gafara, Basiru

Ruwan Bago, 14 ga Agusta

Gaisuwa. Hamma na tsaye da kekensa, ba zan tsawaita ba.

Litinin ta yi nisa. Yau da rana ƙwarya ta fashe a hannun ƙanwarka don matse ta da ta yi saboda ciwo, ba ta ce uffan ba. Sulle ya yarda, gobe da an idar da asuba za mu taso a amalanken shanunsa, na shimfiɗa katifa. Za mu haye rafin, ruwan bai kai ƙirjin shanun ba. Ka tsaya da jar motarka a bakin titi, inda ƙasa ke da ƙarfi.

Daga nan sai in ba ka ita. Ni zan jira motar kasuwa in biyo ku.

Gudun nan da kake faɗa, gobe nake son sa. In ta ce maka ba komai, kada ka saurara mata.

Allah ya tsare hanya.

Innarka